Yadda za ka ba katin girafik wuta ba tare da ka ƙona kwamfutarka ba

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a 'yan watannin nan kusan guda ɗaya ce, sunan katin kawai ke canzawa. Mutum ya tara kuɗi ya sayi katin girafik, wato katin da ke fitar da hoto a allon kwamfuta, irin RX 580 ko GTX 1060 ko RTX 3060, don gem ko haɗa bidiyon biki ko aikin zane. Ya dawo gida da murna, ya buɗe kwamfuta, sai ya tarar katin yana da wani baki mai fil 6 ko 8 a gefensa, shi kuma fawafak ɗin, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ba shi da wayar da za ta shiga wurin. Ya koma kasuwa, mai shago ya miƙo masa wata 'yar guntuwar waya ya ce, "Yallaɓai, wannan adaftar za ta yi maka, ita kowa ke sakawa." Daga nan sai saƙo ya iso: in saka ko kada in saka?

Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, adafta siffar baki kawai take canzawa, ba ta ƙara ko wat ɗaya a kan abin da fawafak yake iya bayarwa. Akwai inda take yin aiki lafiya lau na tsawon shekaru, akwai kuma inda take narkewa a daren farko. Bambancin yana cikin lissafin da ba ya cin minti goma. Ka bi matakan nan a jere, domin kowanne yana dogara da na gabansa.

Kayan da za ka tanada: sukudireba mai kan gicciye, tocila, biro da takarda, ɗan maganaɗisu ko da na tsohuwar sifika ne, da mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo. Idan ba ka da mitar, ka ara. A kwamfuta kuma ka sauke manhajojin GPU-Z da MSI Afterburner da Unigine Heaven, dukansu kyauta ne.

1. Gano cin katinka

Ka shiga shafin kamfanin da ya yi katin ka duba wat nawa yake ja. Ga na waɗanda suka fi yawo a hannun mutane: GTX 1050 Ti da GTX 1650 wat 75, RTX 4060 wat 115, GTX 1060 wat 120, GTX 1660 Super wat 125, RX 6600 wat 132, RX 570 wat 150, RTX 2060 wat 160, RTX 3060 wat 170, RX 580 wat 185, RTX 3070 wat 220, RTX 3080 wat 320, RTX 4090 wat 450.

Kati yana samun wuta ta ƙofa biyu. Gurbin PCIe, inda ake soka shi a kan madabod, wato babban faifan da duk kayan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, yana bayar da har wat 75. Sauran ta bakin gefe yake shigowa: mai fil 6 an tsara shi kan wat 75, mai fil 8 kan wat 150, sabon nan mai fil 16 kuma har wat 600.

Gargaɗi: kada ka ɗauka kati sai ya shanye 75 ɗin gurbi tukuna sannan ya waiwayi wayar gefe. Katuna da yawa na zamani ta wayar suke jan mafi yawan wutarsu. Don haka idan kati yana da baki mai fil 8, ka yi lissafi kamar zai nemi 150 ɗin nan gaba ɗaya ta wurin.

2. Karanta takardar jikin fawafak

Kashe kwamfuta, zare filogi daga bango, buɗe murfin gefe, haska tocila kan takardar da ke manne a jikin fawafak. Babbar lambar nan da aka rubuta da manyan haruffa, 500W ko 650W, ka bar ta tukuna. Ka nemi ɗan jadawalin da ke ƙasa, inda aka jera +3.3V da +5V da +12V, kowanne da adadin amfiya a ƙarƙashinsa. Layin +12V shi ne naka, domin kati da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk daga nan suke sha.

Ka ninka amfiyar da 12. Idan an rubuta 18A, wat 216 ke nan, ko da kuwa an zana 500W a kwali da jan fenti. Idan an rubuta 45A, wat 540. Fawafak na kirki mai wat 550 za ka ga layinsa na 12V ya kusa cinye lambar gaba ɗaya. Na arha kuwa yana cika lambarsa ne da layin 5V da 3.3V, waɗanda kwamfutar yau ba ta cika damuwa da su ba, ko kuma ya rubuta abin da zai iya bayarwa na ƙiftawar ido kafin ya fashe.

Wani za ka ga layi biyu, 12V1 da 12V2. Kada ka haɗa su da kanka ka ce jimilla ke nan. Ka duba ƙasansu, yawanci akwai lambar da ke nuna abin da su biyun suke iya bayarwa a tare, kuma takan gaza jimillar da ka yi zato.

Gargaɗi: takarda kawai aka ce ka karanta, ba a ce ka kwance murfin fawafak ba. Manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe wutar da takan kai kusan bolt 400, kuma ba sa sakinta nan take don an zare filogi.

3. Yi lissafin

Cin kati, a tara da cin furosesa, a ƙara wat 50 na madabod da fankoki da ma'ajiyar bayanai. Misali: tsohuwar kwamfuta mai Core i5-4570, wadda ke cin wat 84, aka saka mata RX 580. 185 da 84 da 50 ya ba da 319. Sai ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, ka isa wajen 425. Ma'ana kana bukatar layin 12V mai amfiya 36 ko fiye. Kamfanin AMD, masu katin, da kansu fawafak mai wat 500 suka ce a nema wa wannan katin, ka ga lissafin bai yi nisa da nasu ba.

Dalilin rarar biyu ne. Na ɗaya, kati ba ya jan wuta a daidai kamar ƙwan fitila. Yakan yi wani irin fizga na ɗan lokacin da ido ba ya gani, wanda ya zarce lambarsa da nisa, kuma wannan fizgar ce ke kashe kwamfuta a tsakiyar wasa. Saboda ita ne ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta wajabta wa manyan fawafak su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙaitaccen lokaci. Na biyu, zafi. Fawafak na arha galibi a ɗaki mai sanyi aka auna shi, kuma ƙarfinsa yana raguwa idan ya ɗau zafi. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, cikin shagon da ba iyakwandishan, ya san ma'aunin zafi yana haura 40, balle cikin akwatin kwamfuta.

Idan layinka na 12V bai kai lissafin ba, babu adaftar da za ta cece ka. Ka tsallake zuwa mataki na 11.

4. Shin takardar gaskiya take faɗa?

Wannan ne wurin da ya fi wuya, domin maƙaryacin fawafak ma yana da takarda mai kyau. Ga abin da nake dubawa.

Suna da lambar samfuri. Ka rubuta su a intanet. Idan babu shafin kamfani, babu wanda ya taɓa gwada shi ya rubuta sakamako, ka ɗauke shi a matsayin rabin abin da ya ce. Nauyi ma shaida ne, domin na kirki yana da nauyi a hannu, na banza kuma kamar gwangwanin madara, ko da yake masu jabu sun gano wannan har wasu suna cusa ƙarfe a ciki. Sai kariya: a kwali ko a shafin kamfani ka nemi OCP da OPP da OVP da SCP da OTP. Waɗannan su ne masu kashe fawafak idan lodi ya yi yawa, ko wuta ta haura, ko waya ta haɗu, ko zafi ya wuce kima. Wanda yake da su, in abu ya ɓaci mutuwa kawai zai yi. Wanda ba shi da su, idan zai tafi yakan ja madabod da kati su tafi tare.

Tambarin 80 Plus yana nuna rashin ɓarnar wuta ne, ba inganci ba, kuma sitika ce da kowa zai iya bugawa. Kada ka jingina da ita ita kaɗai.

Akwai shaidar da ta fi duk waɗannan sauƙi. Fawafak da ya ce shi wat 500 ne amma bai zo da wayar kati ko ɗaya ba, ya riga ya gaya maka gaskiya da bakinsa: wanda ya ƙera shi bai yi tsammanin zai ɗauki kati ba.

A nan zan yi wa fawafak ɗin kwamfutocin ofis adalci, irin na Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre da ake kawowa na hannu. Ƙanana ne, daga wat 180 zuwa 290 galibi, amma ba sa ƙarya. Na fi amincewa da 290 ɗinsu a kan 650 na wanda ba a san uwarsa ba. Matsalarsu ƙanƙanta ce kawai, ba ha'inci ba.

5. Ƙirga wayoyin da kake da su

Ka warware ƙullin wayoyin da aka cusa a gefe, domin sau da yawa wayar da ake nema tana nan a ɓoye. Ta kati tana da rubutun PCI-E ko VGA, kuma takan zo a rabe, fil 6 da wasu 2 a gefe. Idan ka haɗe su ta zama mai 8. Wannan ba adafta ba ce, haka aka yi ta.

Gargaɗi: akwai wata mai fil 8 da ke rabewa 4 da 4, mai rubutun CPU ko EPS. Ta furosesa ce. Kama suke yi da juna kamar Hassan da Husaini, amma inda ɗaya ke da wuta, nan ɗayar ke da wayar ƙasa. Siffar ramukan ta bambanta don kada ta shiga, sai dai mai ƙarfin hannu yana iya tura ta. Idan ka ji filogi yana gardama, ka tsaya.

Gargaɗi na biyu, ga masu fawafak ɗin da wayoyinsa ke cirewa: kada ka taɓa saka masa wayar wani fawafak, ko da bakin ya shiga daram. Ɓangaren kati iri ɗaya ne a ko'ina, amma ɓangaren da ke shiga jikin fawafak kowane kamfani da tsarinsa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya ba sa jituwa. Idan za ka sayi na hannu, ka tabbata wayoyinsa na asali ne suka biyo shi.

6. Wace adafta?

Ga su daga wadda na fi yarda da ita zuwa wadda ban yarda da ita ba sam.

Fil 6 guda biyu zuwa fil 8 guda ɗaya. 75 da 75 sun ba da 150, lissafi ya cika. Ana samun irinta har a cikin kwalin wasu katuna. Wannan ce hanyar masu manyan kwamfutocin aiki irin HP Z440 mai fawafak ɗin wat 700, wadda ke zuwa da wayoyi biyu masu fil 6.

Fil 6 guda ɗaya zuwa fil 8. A takarda ba ta cika ba, 75 ne ake nema ya yi aikin 150. A aikace, idan fawafak na kirki ne kuma filogin yana da wayoyi masu ruwan ɗorawa guda uku masu kauri, yana ɗaukar fiye da 75 ba tare da wahala ba. Ni ina yarda da ita ga katin da bai wuce wat 130 da 'yan kai ba, kamar RTX 4060 da GTX 1660 Super da RX 6600. Ga RX 580 ba na yarda. Ka ƙirga wayoyin: idan masu ruwan ɗorawa biyu ne kacal, ka haƙura.

Molex guda biyu zuwa fil 6. Molex shi ne farin filogin nan mai faɗi, mai fil 4 masu kauri, wanda ake saka wa fankoki da tsofaffin hadis, wato ma'ajiyar bayanai. Kowanne wayarsa ta 12V ɗaya ce tak. Biyu za su iya ɗaukar wat 75, da sharaɗin kowanne ya fito daga igiyarsa daban. Idan ka soka duka biyun a igiya ɗaya, ka yi aikin banza, domin duk wutar ta waya guda za ta bi. Ga GTX 1060 a kan fawafak mai gaskiya, za a iya lallaɓawa. Molex zuwa fil 8 kuwa, a'a.

SATA zuwa fil 6 ko 8. Wannan ita ce ta fi cika kasuwa, ita ce ta fi arha, ita ce kuma ta fi ƙona kaya. Filogin SATA yana da 'yan siraran haƙora uku na 12V, kowanne amfiya 1.5, jimilla 4.5, wato wat 54. An yi shi ne don hadis, wanda ko wat 15 ba ya cika ja idan ya daidaita. Ka ɗora masa 75 ya riga ya wuce iyaka, ka ɗora masa 150 ka ninka masa lodi kusan sau uku. Ko SATA biyu ka haɗa, 108 ne, bai kai 150 ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne tana yin aiki. Kwamfuta ta tashi, hoto ya fito, a yi mako biyu ana jin daɗi. Amma duk lokacin da aka yi lodi haƙoran suna zafi, robar tana laushi, haƙoran suna sassautawa, sassaucin yana ƙara zafin, har ranar da za a ji ƙauri. Wani yaro mai haɗa bidiyon bukukuwa ya taɓa kawo mini tasa, RX 570 ce a kan SATA guda. Filogin ya narke ya manne da igiyar, kuma igiyar ita ce ke ba hadis ɗinsa wuta. Katin ya tsira, aikin biki uku da bai miƙa wa masu shi ba ne ya tafi. Garin neman gira aka rasa ido.

Gargaɗi na musamman ga masu OptiPlex 3020 da 7020 da 9020 da waɗanda suka biyo bayansu, da takwarorinsu na HP: a waɗannan, wayar SATA daga jikin madabod take fitowa, ba daga fawafak ba. Idan ka ja wutar kati ta nan, ta cikin siraran hanyoyin madabod za ta bi, kuma shi ne zai ƙone.

Fil 8 guda ɗaya da aka raba gida biyu. Idan kati yana da baki biyu masu fil 8, yana nufin yana bukatarsu. Kada ka sayi mai rabawa. Ko igiyar asali mai kai biyu, wadda na biyun ke reto daga na farko, ina barinta ne ga katin da bai wuce wat 225 ba. Daga RTX 3080 zuwa sama, kowane baki da igiyarsa daga fawafak.

Mai fil 16. Wanda ya iya sayen RTX 4090 ba shi da uzurin zama da fawafak na banza, don haka a taƙaice: ka yi amfani da adaftar da ta zo cikin kwali ko wayar kamfanin fawafak ɗinka, ka cika duk bakunanta da igiyoyi daban-daban, ka tura ta har ƙarshe ba tare da ko siririn gibi ba, kada kuma ka lanƙwasa ta kusa da filogi, ka bar kamar santimita uku da rabi a miƙe. A ƙarshen 2022 an yi ta samun rahoton narkewar wannan filogin, Nvidia mai katin kuma ta danganta yawancinsu da rashin turawa har ƙarshe. Daga baya aka gyara tsarin aka kira shi 12V-2x6.

7. Duba jikin adaftar kafin ka biya

A jikin robar waya akwai ƙananan rubutu. Ka nemi 18AWG ko 16AWG. Lambar tana ƙaruwa ne waya tana sirancewa, don haka 20 da 22 ba su dace ba. Wadda ba ta da rubutu ko kaɗan, ka ajiye ta. Ka kanga maganaɗisu a tsakiyar wayar, nesa da filogi: tagulla ba ta kama maganaɗisu, idan ya kama to ƙarfe ne aka shafa wa launi. Akwai kuma alminiyam da aka lulluɓe da tagulla, shi maganaɗisu ba ya tona shi, amma za ka ji wayar ba nauyi, idan aka kankare bakin zaren kuma fari ne a ciki.

Ka ja kowace waya a hankali ka ga ko fil ɗinta zai zame. Ka fifita filogin da kake ganin kowace waya ta shiga raminta, a kan wanda aka zuba roba aka daskarar da wayoyin a dunƙule, domin a irin wannan ne wayoyi ke matsowa su haɗu idan roba ta yi laushi. Gajeriya ta fi doguwa. Kuma adafta ɗaya tak, ba a ɗora adafta kan adafta.

Idan wani ya ce zai yanke wayoyi ya murɗa su da hannu ya naɗe da salatif, ka gode masa ka tafi.

8. Haɗawa

Zare filogin bango, danna maɓallin kunna kwamfuta na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita, taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Soka katin a gurbin sama mai tsawo har maƙallin ya yi ƙas, ɗaure shi da sukuru. Haɗa adafta da wayar fawafak tukuna, sannan ka kai ta bakin kati ka tura har ƙugiyar ta kama. Haska tocila ka tabbata ba gibi. Ka kau da wayoyi daga fankoki, kada kuma nauyin igiya ya riƙa jan filogin gefe. Wayar monita a jikin katin za ka saka ta, ba a madabod ba. Mutane da yawa sun zargi fawafak alhali nan ne kuskuren.

Gargaɗi: ka dubi bayan fawafak. Idan akwai ɗan jan maɓalli mai 115 da 230, ka tabbata yana kan 230, domin wutar Najeriya da Nijar da Ghana ke nan. Kwamfutar da aka kawo daga Amurka takan zo a kan 115, kuma idan aka soka ta haka, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Kasancewar maɓallin ma alama ce ta tsohon tsari, sababbin na kirki da kansu suke daidaitawa.

9. Gwaji, murfi a buɗe

Kunna, ka saka direban katin, ka bar ta minti goma ba aiki. Ka saita mita kan awon DC, jan tsinke a wayar ruwan ɗorawa ta wani Molex da ba a amfani da shi, baƙin tsinke a baƙar wayar da ke kusa. Ya kamata ka ga tsakanin 11.4 da 12.6. Ka kula kada tsinken biyu su taɓa juna.

Sai ka kunna Unigine Heaven, ka buɗe GPU-Z a gefe kana ganin wat nawa katin yake ja, idonka kuma a kan mita. Idan ta sauka daga 12.1 zuwa 11.9, ba komai. Idan ta gangara 11.4 ko ƙasa, fawafak ya gaza. Bayan minti biyar ka taɓa robar filogin adaftar ta kowane ɓangare, da wayoyin. Ɗumi kaɗan ba laifi. Zafin da ba za ka iya riƙe yatsa a kai ba, ka kashe nan take. Ka sake taɓawa a minti 15, da minti 30, da awa ɗaya. Ka yi amfani da hancinka ma.

Kada ka fara da manhajar gwaji ta FurMark a kan fawafak ɗin da kake shakka, tana matsa wa kati fiye da kowane gem. Kada kuma ka bar gwajin yana tafiya ka fita salla ko cin abinci.

Alamomin gazawa: kwamfuta ta mutu ɗif ta sake tashi da kanta daidai lokacin da wasa ya yi nauyi, ko allo ya yi baƙi fankokin kati su hau gudu. Idan haka ta faru, kariyar fawafak ce take gaya maka lodi ya fi ƙarfinsa. Kada ka yi ta sake kunnawa kana fatan za ta saba. Ɗan siririn kukan da kati kan yi idan yana aiki, shi kaɗai ba alamar haɗari ba ne.

Idan ka ga hayaƙi, filogin bango za ka fara zarewa. Ba a zuba ruwa.

Bayan mako ɗaya, sannan duk wata, ka zare adaftar ka duba ramukan. Launin ƙasa-ƙasa ko roba da ta canza siffa yana nufin ta gama aiki.

10. Rage wa katin ci, ka gyara wutar bango

Idan lissafinka ya cika amma da ƙyar, ka buɗe MSI Afterburner ka ja ma'aunin iyakar wuta zuwa kashi 75 ko 80, ka saita ya riƙa hawa da kansa duk lokacin da Windows ta tashi. Masu katin AMD suna da irin wannan a cikin manhajar Adrenalin. Saurin da za ka rasa kaɗan ne idan aka gwada da wutar da ka rage. Ka kuma ƙayyade hoton gem a 60 cikin daƙiƙa idan monitarka iyakarta ke nan. Sai dai wannan sassauci ne ga fawafak mai gaskiya da ya ɗan yi ƙanƙanta, ba ya halatta adaftar SATA, domin ranar da saitin ya goge kati zai koma cinsa na da.

Ta ɓangaren bango, fawafak mai rauni ya fi shan wahala idan wuta tana hawa da sauka. Ka sa sitabilaiza ko UPS a tsakani, kada ka bar kwamfuta a kunne lokacin da ake sauyawa daga NEPA zuwa janareta, kuma ka bar janareta ya daidaita kafin ka kunna. Lambar VA ta jikin UPS ba wat ba ce: mai 650VA abin da yake ɗauka bai cika kaiwa wat 400 ba, ga monita ma tana kai. Wasu fawafak na zamani kuma ba sa shiri da inbata ko UPS mai arha wanda wutarsa ba ta fita sumul, sai ka ji suna kuka ko su mutu da an ɗauke wuta. Idan akwatin kwamfuta yana ɗan jan hannu, wayar ƙasa ta gidan ce ba ta aiki, ka kira mai wayarin. Lokacin hunturu kuma ka riƙa hure ƙurar fankar fawafak daga waje duk bayan 'yan makonni.

11. Idan lissafi ya ƙi

Hanya biyu ce. Ta farko ka sauya fawafak. Sabo mai wat 550 zuwa 650 daga sanannun kamfanoni irin Seasonic da Corsair da Cooler Master da FSP yana kamawa daga wajen dala 50 zuwa 80 a kasuwannin waje, a nan kuma sai ka lissafa da canjin ranar da kuɗin kawowa. Kowane kamfani yana da na sama da na ƙasa, don haka samfurin za ka bincika, ba sunan kawai ba. Garantin shekara biyar ko fiye alama ce mai kyau. Idan na hannu za ka saya, a Titin Beirut na Kano ne ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, ka tafi da katinka da mitarka a gwada da lodi a gabanka. Gwajin da ake yi na haɗa koriyar waya da baƙa don fanka ta juya, abin da yake nunawa kawai fawafak bai mutu ba.

Masu kwamfutar ofis su duba filogin madabod kafin su kashe kuɗi. OptiPlex 7010 da 9010 suna da mai fil 24 irin na kowa, don haka babbar cikinsu tana karɓar fawafak na kasuwa. Daga 9020 zuwa gaba filogin na Dell ne na kansu, sai da wata adaftar ta daban daga fil 24 zuwa 8 ko 6, wadda dole ta dace da samfurinka daidai. Siraran akwatuna kuwa fawafak na kasuwa ba ya ma shiga cikinsu.

Hanya ta biyu, wadda na fi ba masu kwamfutar ofis shawara, ita ce ka sayar da katin ko ka yi musanya da wanda ba ya bukatar wayar gefe: GTX 1050 Ti, GTX 1650, RX 6400 mai wat 53, ko RTX 3050 mai 6GB da ke cin wat 70. Ka dubi hoton ainihin wanda za ka saya, domin wasu kamfanonin suna ƙara wa 1050 Ti da 1650 baki mai fil 6. Idan akwatinka siriri ne, ka nemi gajeren kati, ka kuma tambayi mai shago ya haɗa maka da gajeren ƙarfen ɗaurewa kafin ka bar wurin.